“Tsufa Ne”: Wa Ke Da Haƙƙin Faɗin Wannan Kalma?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, akwai hadisin da kusan kowane almajiri ya taɓa ji, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik. Wasu larabawan ƙauye ne suka tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani idan ba su da lafiya. Ya umarce su da su nema, ya kuma sanar da su cewa babu cutar da Allah ya saukar face ya saukar mata da magani, ban da guda ɗaya, ita ce tsufa. Mu kuwa mun riƙe wutsiyar hadisin nan da hannu biyu, mun saki kansa. Da zarar dattijo ya fara lalube a tsakar gida, ko tsohuwa ta fara cewa “me ka ce?” sau uku a magana ɗaya, sai mu ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani, sai haƙuri. Shi ke nan, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa da zuciya sakayau.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: cikin abin da ke raba tsofaffinmu da ganinsu da jinsu, wanne ne tsufan da Annabi (SAW) ya keɓe, wanne ne cutar da ya ce a nema mata magani? Sannan wa aka yarje wa ya ce “sai haƙuri”? Mai idon, ko wanda ke tsaye a gefe da kuɗin magani a aljihu?

Mu fara da ido, domin nan ne hujja ta fi fitowa fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa mutum biliyan 2.2 aƙalla ne ke da raunin gani a duniya, kuma cikinsu aƙalla biliyan 1 matsalarsu ta wadda ake iya hanawa ce ko wadda ake iya gyarawa amma ba a gyara ba. Mafi yawansu sun haura shekara 50. Nan kusa da mu, a Najeriya, an yi babban binciken makanta na ƙasa tsakanin 2005 da 2007, aka duba idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makantar da ana iya kauce mata. Iyaka ba ta raba ranar Maraɗi da ta Katsina ba, ba ta raba ƙurar Damagaram da ta Daura ba, saboda haka wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu.

Abin da ya fi makantar da mutane a wancan binciken, da ma duniya baki ɗaya, yanar ido ce. A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garai-garai kamar ƙwayar gilashi, shi ke tattara haske ya kai shi can ƙuryar ido. Da shekaru suka yi nisa sai ya fara dusashewa, kamar madubin da hayaƙin murhu ya daɗe yana bugu. Zafin rana, ciwon suga da shan taba suna gaggauta shi. Mai yana ba ya jin ciwo. Ya fara ganin hazo, fitilar mota ta riƙa kashe masa ido da dare, daga baya ya koma ba ya bambance komai sai haske da duhu. Amma a mafi yawan lokuta ƙuryar idon da jijiyarsa lafiyarsu lau, labule ne kawai ya sauka. Likita yakan cire gurɓataccen ya sa na roba a madadinsa, aikin da sau da yawa ba ya wuce rabin awa, ba a ma sa mutum barci, kashegari a buɗe bandeji ya ga fuskar jikansa. Tun 1949 wani likita a Landan mai suna Harold Ridley ya fara sa irin wannan ƙwayar roba a idon mutum. Kafin shi da kusan shekara dubu, wani likita musulmi, Ammar ɗan Aliyu mutumin Mausil, ya ƙera allura mai rami da yake zuƙe yana da ita. Ana wannan aiki a Yamai, ana yi a Damagaram, a Maraɗi ma akwai asibitin ido na Makka. To, ciwon da ake warkarwa tsakanin azahar da la'asar, da wane baki za mu sa shi cikin abin da ba shi da magani?

Akwai wanda ya fi wannan sauƙi ma. Daga wajen shekara 40 kusan kowa idonsa ke daina kama rubutu na kusa. Malamin da ya kwashe shekaru yana biya wa mutane karatu sai ka ga yana miƙa littafi nesa da fuskarsa, daga baya ya ajiye, ya koma kan abin da ya haddace. Tela ya kasa zura zare. Tsohuwa ta daina tsince tsakuwa a shinkafa. Maganin wannan madubin karatu ne, wanda sau da yawa kuɗinsa bai kai abin da saurayi ke zubawa a katin waya cikin wata guda ba. Ina ganin babu abin kunya a gidan ɗalibin ilimi kamar a ce Alƙur'anin mahaifinsa ya yi ƙura a kan kanta saboda rashin tabarau.

Amosanin ido kuma labarinsa daban ne, kuma jihohin Damagaram, Maraɗi da Difa sun daɗe suna fama da shi. Ƙwayar cuta ce da ke kama yara ta hannu, ta tsumma, ta ƙuda. Ta kama, ta saki, ta sake kamawa, kowane zuwa ta bar tabo a cikin fatar ido. Bayan shekara talatin ko arba'in sai tabon ya janye fatar, gashin ido ya juya ciki ya riƙa kartar ƙwayar ido duk ƙiftawa. Mata ya fi ci, saboda su ke ɗauke da yara, su ke share musu kwantsa da bakin zane. Tsohuwar da ka gani da matsefata a ɗaure a wuya tana tsige gashin idonta, sakayyar rainon da ta yi ne take karɓa. Aikin gyara fatar idon ɗan ƙarami ne, ma'aikatan lafiya da aka horar suna yin sa har a ƙauye. Kuma kada wani ya ce irin waɗannan cututtuka sun zame mana gado: a watan Janairun 2025 OMS ta tabbatar Nijar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi hakan.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ake kira hawan jinin ido. Shi ba labule ba ne, jijiyar gani yake ci, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Daga gefe yake farawa, ba ciwo, ba ja, mutum na ganin gabansa sarai har ya ɗauka lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya fara karo da bakin ƙofa. Baƙar fata, musamman mu na Afirka ta Yamma, ya fi kama mu da wuri kuma ya fi tsanani, yana kuma bin dangi. Amma ko shi, idan an gano da wuri ana tsayar da shi da maganin ɗigawa ko da aiki. Shi ya sa wanda ya kai 40, balle idan akwai wanda ya makance a zuriyarsu, ya kamata a auna masa ido ko bai ji komai ba. A nan kuma in ja kunne kan maganin ɗigawar da ake saye a faranti a tasha: wasunsu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan amfani da shi yana jawo wannan ciwo da kansa, yana kuma kawo yana.

Yanzu mu koma ga haƙuri, domin na san abin da wani ɗan uwa zai ce, kuma maganarsa tana da tushe. Zai ce ai mu mutanen rila ne, masu yarda da hukuncin Ubangiji. Zai tuna mini hadisin ƙudsi da ke cikin Buhari, inda Allah ya yi alkawarin Aljanna ga bawan da aka jarraba da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri. Zai kawo Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda aka san addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, mutane na zuwa yana yi musu addu'a, da aka ce ya roƙa wa kansa sai ya nuna cewa hukuncin Allah ya fi soyuwa gare shi a kan ganinsa. Zai kawo Ibn Abbas, wanda aka ruwaito cewa da ruwa ya sauko masa a ido aka ce za a yi masa aiki da sharaɗin ya yi kwanaki a rigingine yana salla da ishara, sai ya ƙi. Duk wannan haka ne, kuma wanda bai ji tsigar jikinsa ta tashi da labarin Sa'adu ba, bai ɗanɗani komai a wannan hanya ba.

Sai dai mu lura da abu ɗaya. Idon wa Sa'adu ya bari? Nasa. Ibn Abbas idon wa ya haƙura da shi? Nasa. Rila muƙami ne tsakanin bawa da Ubangijinsa a kan abin da ya sami bawan shi kansa. Ba a yi wa wani rila, kamar yadda ba a ƙoshi a madadin wani. Ɗan da ya ce wa mahaifinsa “Baba, sai haƙuri, ƙaddara ce,” alhali bai taɓa kai shi an duba ba, ya ari rigar Sa'adu ne ya lulluɓe rowarsa ko kasalarsa da ita. Ladan haƙuri yana nan ga tsohon, ba wanda zai rage masa, amma ɗan ba shi da kaso a ciki. Abin da ke jiransa tambaya ce. Da wanda aka jarraba da ciwo da wanda aka jarraba da ikon taimako, jarrabawarsu ba ɗaya ba ce, kuma amsar wannan ba ta cin jarrabawar wancan.

Mu duba kuma yadda Annabi (SAW) ya yi da makahon nan na hadisin Usmanu ɗan Hunaif, hadisin da muke yawan kafa hujja da shi a babin tawassuli har muka manta da wani darasin da ke cikinsa. Mutumin ya zo neman a roƙa masa lafiya. Annabi (SAW) ya ba shi zaɓi tsakanin haƙuri da addu'a, ya ma nuna masa haƙurin ya fi. Mutumin ya zaɓi ganinsa. Ba a tsawata masa ba, ba a ce imaninsa ya yi rauni ba, aka koya masa addu'ar da zai yi. Zaɓin a hannun mai idon aka sa shi.

Imamu Gazali a cikin Ihya, a babin tawakkali, ya kasa sabuban kawar da cuta gida uku: wanda amfaninsa tabbatacce ne, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar magungunan likitoci, da wanda zato ne kawai marar ƙarfi. Ya bayyana cewa barin na farko ba tawakkali ba ne, riƙo da na biyu kuma ba ya warware tawakkali. Na ukun ne mai tawakkali ke bari. Abin mamaki, mu mun juya lissafin. Aikin yana na asibiti, wanda a yau ya kusa shiga sahun farko, shi muke gudu da sunan dogaro ga Allah. Mai yawo ƙauye-ƙauye da tsinke, wanda zai soka ido ya ture yanar ta faɗa ciki, shi muke ba kuɗi har da tukuici. A binciken Najeriya da na ambata, an tarar kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanyar gargajiya aka bi, kuma mafi yawansu ba su sami ganin kirki ba. A zamanin Ibn Abbas wannan ita ce hanyar da ake da ita, haɗarinta babba, jinyarta doguwa. Wanda ya ƙi ta a lokacin, abin da ya ƙi daban ne da abin da ake miƙo wa kakanninmu yau.

To, idan tsohon ne da kansa ya ce ba ya so fa? Wannan ita ce gaɓa mai wuya, kuma ba na ganin ana warware ta da jimla ɗaya. Dattijo mai hankalinsa ba yaro ba ne, ba a ɗaukarsa cak a jefa a mota. Idan ya fahimci abin da za a yi masa, ya san ba nauyi zai zama ba, sannan ya ce ya zaɓi ya sadu da Ubangijinsa a haka, to wannan tsakaninsa da Allah ne, mu namu ladabi. Amma kafin mu karɓi “a'a” ɗinsa mu je mu yi barci, ya kamata mu tono abin da ke ƙarƙashinta. Sau da yawa kunya ce irin ta iyayenmu. Ya ga gero ya yi tsada, ya ga ɗansa na fama da kuɗin haya, sai ya ce “ku bar shi, kwana nawa ya rage mini.” Wannan ba rila ba ce, tausayinmu yake ji, kuma abin kunya ne mu ci riba da tausayin da yake mana. Wani kuma tsoro ne, don ya ga maƙwabcin da mai tsinke ya tsiyayar wa ido, ya ɗauka duk aikin ido ɗaya ne. Maganin wannan shi ne a kai shi wurin tsaransa da aka yi wa aiki ya warke, su zauna su yi hira, gani ya kori ji. Wani kuwa sallarsa yake ji: yaya zai yi sujada, yaya zai wanke fuska? Malamanmu na Malikiyya sun riga mu tattauna wannan. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya kawo halaccin aikin idon da zai sa mutum ya yi salla a zaune, ya kawo saɓani a kan wanda zai kai shi ga kwanciya rigingine, ya kuma ambaci cewa an inganta yi masa uzuri. Aikin yau ma ba ya buƙatar kwanakin rigingine, ƴan kwanaki ne na kiyaye ido daga ruwa da ƙura, kuma babin shafa a kan bandeji da na taimama a buɗe suke. Minti goma na bayani daga muƙaddamin da tsoho ya yarda da shi ya fi masa takardar likita goma.

Tsofaffin mata kuwa ko tambayarsu ba a cika yi ba. Namiji idan ya daina gani kasuwarsa ta tsaya, sahun masallaci ya yi giɓi, mutane su lura. Tsohuwa ta san ɗakinta da lalube, ta san inda buta take, shekara biyar sai ta wuce ba wanda ya ce a duba ta.

Akwai kuma wata magana da ake yi a da'irarmu, cewa ai idon zuci shi ne ido, basira ta fi basar. Gaskiya ne, Suratul Hajji ta nuna makantar da ake tsoro ta zuciya ce, kuma tarihi cike yake da manyan da ba su gani da ido: Imamu Shaɗibi na ƙira'a makaho ne, Imamu Tirmizi ya makance a ƙarshen rayuwarsa. Wannan hujja ce a kan kada a raina makaho. Ba hujja ba ce a kan a bar mai gani ya makance. Annabi Yaƙubu (AS), wanda idanunsa suka yi fari don baƙin ciki, ba wanda ya fi shi basira a gidansa, duk da haka Annabi Yusufu (AS) bai aiko masa da saƙon haƙuri ba, riga ya aiko a jefa masa a fuska ganinsa ya dawo. Ɗa ne ya ga halin mahaifinsa, ya yi abin da ke hannunsa.

Kunne kuma lamarinsa ya sha bamban, kuma a ganina a nan ne halinmu ya fi fitowa. Rahoton OMS na 2021 ya ce mutum biliyan 1.5 ne ke da raunin ji, miliyan 430 daga ciki raunin ya kai na naƙasa, kuma cikin waɗanda suka haura shekara 60, sama da mutum ɗaya cikin huɗu na cikin wannan hali. Can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, wadda ta mutu ba ta tsirowa. Shekaru na cin su, ƙara mai tsanani na cin su, sanƙarau da muka sani a lokacin zafi na iya hallaka su cikin kwanaki, wasu allurai masu ƙarfi da ake yi barkatai ba da sanin likita ba su ma haka. Wannan kam ya yi kusa da tsufan da hadisi ya keɓe. Amma ko a nan a fara dubawa: wani dattin kunne ne ya taru ya toshe, a wanke masa ya ji garau, wani kunnen ne ke zubar ruwa tun ƙuruciya ba a kula ba, wani kuma na'urar ƙara ji za ta taimake shi, duk da tsadarta da ƙarancinta a ƙasarmu.

Makaho muna tausaya masa, kurma kuwa dariya muke masa. Ka ce wa tsoho “an kawo tuwo,” ya ce “wa ya zo?”, yara su fashe, manya su murmusa, shi ma ya yi yaƙe. Bayan an yi haka sau ɗari sai ya daina tambaya. Ya zauna cikin mutane yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Daga nan ya daina fitowa dandali, a daina shawara da shi a kan auren jikarsa, a ce ai ya ruɗe. Masana da mujallar Lancet ta tara sun sa raunin ji a 2020 cikin manyan abubuwan da ke da alaƙa da ruɗewar tsufa waɗanda ake iya magancewa, a 2024 suka ƙara da raunin gani. Ƙwaƙwalwar da aka rufe wa ƙofofi, aka kuma daina yi wa magana, ba mamaki ta dusashe.

Da mun san yadda ciwon yake, da mun sauya yadda muke magana. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su “s” da “sh” da “f” da “ts”, shi ya sa tsoho ke cewa yana jin murya amma ba ya gane magana, shi ya sa kuma muryar mata da ta yara ta fi ɓace masa. Ihu ba ya gyara wannan. Yana ƙara dagula kalmomin, kuma kunnen da ya raunana sau da yawa ƙara mai ƙarfi zafi take masa. Ga shi kuma wanda ya ɗaga murya, fuskarsa kan ɗaure ko bai yi niyya ba, sai tsohon ya ga kamar faɗa ake masa. Suratul Isra'i ta hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu, ta hana tsawa, ta umarce mu da magana ta girmamawa. Ayar ta ambaci tsufa da sunansa, domin Wanda ya saukar da ita ya san ranar da za ka maimaita magana sau huɗu tana zuwa. Abin da ake so mai sauƙi ne: ka zo gabansa, ka bari ya ga bakinka cikin haske, a kashe rediyo, ka yi magana a hankali da murya cikakkiya, idan bai gane ba ka sauya kalma maimakon ka ƙara ƙarfi.

Magabatanmu sun san darajar suturta mutum a wannan babi. Hatimul Asammu, wanda ya rasu a shekara ta 237 bayan Hijira, ba kurma ba ne. Imamu Ƙushairi ya kawo cewa wata mata ce ta zo tambayarsa, wani sauti ya kuɓuce mata, kunya ta rufe ta, sai ya nuna kamar ba ya ji sosai, ya ce ta ɗaga murya. Laƙabin kurma ya bi shi har kabari. Shi mai ji ne ya ɗauki sunan kurma don kada mace ɗaya ta ji kunya. Mu kuwa kurman gaske muke kunyatawa don mu sami abin dariya.

Ba zan tsallake namu ba. A wuraren Maulidi da zikirin Juma'a, sau nawa ake jera lasifika a buɗe ta har ƙarshe, a kuma shimfiɗa wa dattawa tabarma a gaba, dab da bakinta, da sunan girmamawa? Ma'aunin masana shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 tana lahani idan aka daɗe cikinta kamar awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Gaban babbar lasifika ya wuce haka nesa. Idan ka tashi daga majalisi kunnenka na ƙugi, to an taɓa waɗancan ƙwayoyin da ba sa tsirowa. Mu matasa mu ke riƙe da na'urar, mu ke murɗa ta, mu ne kuma ke kwana da abin sauraro toshe a kunne. Ambaton Allah ba ya ƙara isa sama don an ƙara masa ƙara, kuma Annabi (SAW) ya taɓa ce wa sahabbai a wata tafiya su sassauta wa kansu da suka ɗaga murya da kabbara, domin Wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. Rage murɗi kaɗan da matsar da lasifika nesa da sahun tsofaffi ba ya cin ko dala.

Idan kuma an yi duk abin da za a yi, ganin bai dawo ba, jin bai dawo ba, sauran aiki shi ne kada mutum ya fita daga cikin mutane. Sahabbai biyu sun zo wa Annabi (SAW) da kusan buƙata ɗaya. Itbanu ɗan Malik ganinsa ya yi rauni, kwari na cika da ruwa tsakaninsa da masallacin mutanensa, ya roƙi a zo a yi salla a gidansa ya riƙi wurin masallaci. Annabi (SAW) ya taka da ƙafarsa, tare da Sayyidina Abubakar, ya je, maƙwabta suka taru, aka yi salla, aka ci abinci. Abdullahi ɗan Ummi Maktum kuwa ya nemi izinin salla a gida don ba shi da ɗan jagoran da ya dace, aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce yana ji, aka ce ya amsa. Malamai sun yi bayanai a kan bambancin hukuncin biyu. Abin da ni na gani shi ne, ɗaya an kai masa jama'a gida, ɗaya an riƙe shi cikin jama'a, ba wanda aka bari shi kaɗai. Shi Ibn Ummi Maktum ɗin nan, wanda aka saukar da farkon Suratu Abasa saboda shi, ladani ne, kuma an sha barin sa ya ja wa mutanen Madina salla idan Annabi (SAW) ya yi tafiya.

A kowace zawiya akwai gurbin da ya zama wayam a da'irar wazifa, na wani dattijo da ya shekara talatin yana zama a nan, yanzu duhun magariba ya fi ƙarfin idonsa. Gidansa bai fi taku ɗari biyu ba. Abin da aka saba shi ne a ɗora wa jika ɗan shekara takwas sanda, a cire shi daga lakwal ya zama ɗan jagora, makanta ɗaya ta ci rayuwa biyu. Alhali muridai matasa ashirin na zaune a zawiyar nan, kowa na neman hidimar da za ta kusantar da shi. Idan suka raba kwanakin wata a tsakaninsu, kowa sau ɗaya ko biyu zai je a wata. Mai zuwa ɗaukarsa ya yi sallama ya faɗi sunansa, kada ya ce “Baba, ka gane ni?”, ya ba shi gwiwar hannu ya riƙe maimakon ya ja shi da sanda, ya gaya masa inda kwata take kafin su iso ta, idan an shafa fatiha kuma ya mayar masa da takalmansa daidai inda ya cire su.

Allah ya jiyar da iyayenmu daɗi da jinsu da ganinsu matuƙar suna raye. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.